Madugun Jirgin Ƙasa

Mutumin Daura wanda ya yi niyyar ganin Ikko yana da hanya biyu. Ko ya ɗaure kayansa ya tashi shi kaɗai, yana tambaya a kowace mararraba, ko kuwa ya shiga cikin jama'a, su tara kuɗi su danƙa wa mutum guda wanda ya san hanya. Shi zai yanko tikiti, shi zai nemi masauki, shi zai zaga gari da su yana gaya musu sunan kowane abu. Wannan irin tafiya ita mutanen yanzu ke kira yawon buɗe ido, mutumin nan kuwa jagora.

Kada ka ce baƙon abu ne. Sa'ad da kakanninmu fatake za su Gwanja sayen goro, ba su tashi ɗai-ɗai. Sukan taru ayari guda, mutum ɗaruruwa da jakunansu, ƙarƙashin madugu. Madugu shi ya san zango, shi ke magana da sarakunan hanya, shi ke daidaita kuɗin fito a bakin Kwara. Yana da jagaba mai wucewa gaba, da uban dawaki mai tattara abin da kowa zai biya, da malamin ayari mai riƙe lissafi. Zuwa da komowa sai su ci wata shida, wani lokaci har shekara. Bambancin kaɗan ne. Falke riba ta fitar da shi gida, mai yawon buɗe ido kuwa kallo.

Wanda ya fara haɗa aikin madugu da jirgin ƙasa har ya zama sana'a wani Bature ne na Ingila, sunansa Tomas Kuk. Kafinta ne, mai wa'azin hana shan giya. Ran 5 ga watan Yuli, 1841, ya yi ciniki da masu jirgi, ya kwashi mutum wajen 500 daga garin Lesta zuwa Lafbara, tafiyar mil 11, domin wani taro na masu ƙin giya. Kowa sule guda ya biya, zuwa da komowa.

To, ta yaya abin ya yi araha haka? Ga asirinsa. Jirgi ko cike yake ko wofi, kwal ɗin da zai ci ɗaya ne, albashin direba kuma ɗaya ne. Saboda haka in wani ya zo ya ce wa masu jirgi, “Ga mutum 500 na kawo muku gaba ɗaya,” sai su rage masa kuɗi da murna, gama kujerar da ba kowa a kanta ba ta kawo ko anini. Haka mai masauki, haka mai mota. Daga cikin ragin nan jagora ke samun nasa, matafiyi kuma ya sami sauƙi.

Sana'ar Kuk ta yi ta haɓaka. A 1845 ya kai jama'a Libaful, ya buga musu ɗan littafi mai bayanin abin da za su gani a hanya. A 1872 ya tashi da wata ƙungiya suka kewaye duniya cikin kwana 222. A 1886 gwamnatin Indiya ta ba kamfaninsa aikin shirya tafiyar alhazan ƙasar zuwa Jidda, aka yi ta yi har 1893. Amma duk girman kamfanin nan, a watan Satumba na 2019 ya karye, ya bar mutanen Ingila wajen 150,000 a ƙasashen waje, sai da gwamnatinsu ta yi hayar jiragen sama ta kwaso su. Ka riƙe wannan, za mu komo kansa.

Yanzu mu zo ƙasarmu. Dogo ya taso daga Ikko ya iso Badun a 1901, ya iso Jebba a bakin Kwara a 1909. A Arewa kuma aka soma wani daga Baro a 1907, zamanin Gwamna Giruwa, wanda shi kansa injiniyan dogo ne, har ya iso Kano a 1911. Aka haɗa biyun a Minna. Daga baya aka ja reshe daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda, wani kuma daga Kano zuwa Nguru. Ko ɗaya bai biyo ta Daura ba. Don haka mutumin Daura tasharsa Kano ce, tafiyar kimanin mil 75 ta Kazaure da Ɗambatta. Daga Kano zuwa Ikko kuwa mil 700 ne.

A zamanin da jirgin fasinja ke tashi daga Kano a kan ƙa'ida, akan yi wajen kwana biyu a hanya. Akwai faskila, akwai sikinkila, akwai na gama-gari mai bencin katako, inda talaka ke zama da tabarmarsa da butarsa da guzurin ƙuli-ƙuli. Wanda ya tafi shi kaɗai yakan yi ta gyangyaɗi, in ya farka ya ga daji, ya sāke farkawa ya ga daji. Wanda ke tare da jagora kuwa, hanyar kanta littafi ce ake karanta masa shafi shafi.

Tun jirgi bai bar Kano ba akan nuna masa dalar gyaɗa, buhu kan buhu, tana jiran wagunu. Dalar nan yanzu babu ita, sai a hoto. A Zariya a nuna masa inda reshen Gusau ya rabu. A Kaduna a ƙetare gada, a nuna masa hanyar da ta nufi Kafanchan da Inugu da Fatakwal. Daga nan in ya lura sai ya ga ƙasa tana sauya tufa. Gero ya ragu, doya ta yawaita, ciyawa ta fi tsayin mutum. Bayan Minna sai Zungeru, wadda mutanenmu ke ce wa Dungurum. Wanda bai sani ba zai ce ƙauye ne kawai, alhali nan Gwamna Lugga ya zauna yana mulkin Arewa tun daga 1902, kafin a mai da hedkwata Kaduna. Nan kuma aka haifi Namdi Azikiwe a 1904.

Inda ya fi kowane wuri cancantar a tashi mai barci shi ne Jebba. A nan Kwara ta rabu biyu ta bar tsibiri a tsakiya, jirgi ya bi ta gada ya hau tsibirin, ya sāke bin wata gada ya sauka a hayin kudu. Kafin a gama gadar, wagunu ake ɗorawa a kan jirgin ruwa a ƙetarar da su. Ga wani babban dutse tsaye cikin ruwa, wanda mutanen wurin ke tsoro tun zamanin da. Kusa da dutsen nan jirgin ruwan Turawa mai suna Dayspring ya fashe a 1857, cikinsa har da Samuila Ajayi Kurauda, Bayaraben nan da ya zama Bishof daga baya. A kan tsibirin akwai hasumiya ta tunawa da Mungo Fak, wanda ya nutse a Busa a 1806 yana neman inda kogin nan ya ƙare, da Landa, wanda ya bi shi har teku a 1830. Kakanninka fatake sukan yini a bakin ruwan nan suna ciniki da masu kwalekwale. Jirgi kuwa kafin ka gama cin goro ya ƙetare.

Daga Ilori zuwa Offa da Oshogbo sai kurmi, da kwakwa, da gonakin koko da goro. Iska ta yi nauyi, riga ta manne a jiki. A Badun akwai Sabo, unguwar Hausawa tun 1916, inda baƙo zai sha fura ya ji harshensa. Mai son ganin faɗin garin sai a hau da shi hasumiyar Bawa da aka gina a kan tudu a 1936, ya ga rufin kwano har iyakar ganinsa. A Abekuta ga dutsen Olumo, inda Egbawa suka fake lokacin yaƙi. Sai Agege, sai Ebute Meta, sai jirgi ya tsaya a Iddo, dogo ya ƙare.

A Ikko ne baƙo ke gane darajar jagora. Daga Iddo sai an ƙetare gadar Kata, wadda aka fara ginawa a 1901, kana a shiga cikin tsibirin. Akan kai jama'a masallacin Shitta, wanda wani attajiri ya gina da kuɗinsa aka buɗe a 1894, har Sarkin Santambul ya aiko masa da lakabin Bey. Akan kai su Apapa, su ga inda gyaɗar Daura da ta Kano ta riƙa shiga cikin jiragen ruwa. Akan kai su gidan kayan tarihi na Onikan, wanda aka buɗe a 1957, su ga kawunan yumɓu na Nok da aka tono a kudancin Kaduna, waɗanda suka haura shekara 2,000. Sa'an nan teku. Mutumin da babban ruwansa tafki ne da damina, in ya tsaya gaban ruwan da ba shi da hayi, yakan yi shiru. Jagoran kirki zai bar shi ya yi shirunsa, amma ba zai bar shi ya sa ƙafa ba, gama igiyar ruwan Ikko tana ja.

Manyan da suka fara irin tafiyar nan daga ƙasarmu sarakuna ne, su kuwa ba su tsaya Ikko ba. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya sauka Ikko, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, ya gana da Sarki Joji na Biyar, ya wuce Makka. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan, da Sarkin Kano Abdullahi Bayero, da Sarkin Gwandu Usman suka tafi tare. Turawan mulki su ne jagororinsu, su suka tsara inda za a je kowace rana. Aka nuna musu manyan ma'aikatu, da ƙarfin soja, da fadar sarki.

A nan akwai abin lura. Jagora yana ɗauke maka wahala, amma kuma shi ke zaɓa wa idonka abin da zai gani. Ba mai kai baƙonsa bayan gida ya nuna masa juji. Gwamnatin da ta shirya ziyarar nan so take sarakuna su komo suna faɗin girman Ingila, ba laifi kuwa in mun faɗi haka, kowane mai masauki haka yake. Sai dai baƙo ma yana da nasa ido da nasa baki. A 1943, ana tsakiyar yaƙi, aka gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma zuwa Ingila don su ga ƙasa, cikinsu da Azikiwe da Malam Abubakar Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo. An kai su kallo, sai ga waɗansunsu sun miƙa takardar neman mulkin kai, abin da ba ya cikin tsarin masu masauki. Malam Abubakar bai sa hannu a takardar ba, amma ya komo ya rubuta littafin tafiyarsa, Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Saboda haka in ka shiga ayari irin wannan, tun kuɗinka na aljihu ka yi tambaya. Kuɗin nan ya haɗa da abinci da masauki da motar cikin gari, ko kuwa tikitin jirgi ne kaɗai? In wani ya yi ciwo a hanya, wa zai tsaya da shi? In tafiya ta fasa, yaya za a yi da abin da aka biya? Ka karɓi rasit, ka karanta shi da kanka, tun da yanzu ka iya. Ka tuna kamfanin Kuk ma ya karye da kuɗin mutane a hannunsa. In jagora ya nace sai kantin wane za a yi sayayya, to yana da la'ada a can. La'ada ba sata ba ce, amma ka taya a kanti na gaba tukuna. A tasha kuma kada ka sauka alwala sai ka tambayi minti nawa za a tsaya. Madugu yakan jira wanda jakinsa ya faɗi, jirgi ba ya jira. Ka kuma roƙi a bar muku yini guda wanda ba a tsara kome a cikinsa ba, ka shiga kasuwa da ƙafarka. Ni a ganina yinin nan ya fi sauran tsada.

Tsohon dogon nan ya sha wuya. Motoci suka ƙwace masa kaya da fasinja, ya lalace, aka gyara shi, jirgin Ikko zuwa Kano ya komo aiki a watan Disamba na 2012, daga baya tafiyarsa ta yi ta yankewa. Aka shiga shimfiɗa sabon dogo mai faɗi: Abuja zuwa Kaduna a 2016, Ikko zuwa Badun a 2021. A watan Fabrairu na 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda aka tsara zai bi ta Ɗambatta, da Kazaure, da Daura, da Katsina, da Jibiya. Tun 2019 aka aza harsashin jami'ar koyon aikin sufuri a Daura.

Dogo kuwa hanya ce mai kai da kawowa. Ran da ɗan Daura zai hau jirgi a ƙofar gidansa, ran nan Bayarabe da Bature za su sauko a tashar nan suna neman wanda zai zaga da su. Za su ce a kai su Kusugu, rijiyar da aka ce Bayajida ya kashe macijiya a cikinta, wadda ta hana mutane ɗiban ruwa sai ran Juma'a. Za su ce a kai su fada, su ji labarin Daurama da sarautar mata. Wanda ya zo a watan Mauludi kuma zai tarar da Sallar Gani, da dawaki, da tambura.