Kafirta mutum: wa ke da wannan iko, kuma me ke biyo baya?

A garuruwan bakin iyaka irin su Hawandawaki, cikin gundumar Tasawa, wa'azin da aka yi a Katsina ko Kano da safe yakan iso wayoyin salula kafin magariba. Wani lokaci yakan zo da kalma mai nauyi: "wane kafiri ne". Daga nan wani ya daina bin limamin unguwarsu salla, wani ya hana auren ɗiyarsa. Shin wa ke da ikon yanke wannan hukunci?

A cocin Katolika

Katolika suna da shugabanci mai hawa-hawa: fada, bishop, sannan Fafaroma a Roma. Yankinmu yana ƙarƙashin bishop na Maraɗi, kujerar da aka kafa a 2001. Dokar coci ta 1983 ta bayyana laifuffukan da ke jawo kora. Wanda aka kora ba ya karɓar jibin Ubangiji, ba ya riƙe muƙami a coci, amma baftismarsa ba ta gogewa, kuma in ya tuba ana ɗage hukuncin. Haka Fafaroma Leo na 10 ya kori Martin Luther a 1521. Korar da wakilan Roma da shugaban cocin Kustantiniya suka yi wa juna a 1054 kuwa, sai a 1965 aka soke ta.

A Musulunci

Musulunci ba shi da irin wannan kujera. Limami jagoran salla ne, malami mai koyarwa ne da ba da fatawa, amma babu ɗayansu da ke riƙe da makullin shiga ko fita addini. A fikihun Malikiyya, wanda yawancin mutanen Nijar ke bi, maganar ridda aikin alƙali ce: sai da shaidu, sai an warware wa mutum abin da ya rikita shi, sai an ba shi kwana 3 na neman tuba.

Malamai sun tsaurara sharuɗɗan ne saboda abin da hukuncin ke jawowa. Aure yana warwarewa, gado yana yankewa, ba a yi wa mutum sallar jana'iza. Ke nan kalma ɗaya tana iya raba mace da mijinta, ta hana ƴaƴa gonar ubansu. Shi ya sa hadisi ya yi kashedin cewa zargin yana komawa kan mai yinsa in bai tabbata ba.

Tarihinmu ya san wannan gardama

Kafin jihadin 1804, Shehu Usman ɗan Fodiyo ya rubuta littattafai da dama yana sukar ɗaliban da ke kafirta talakawa don sun kasa kawo hujjojin tauhidi irin na masana. Amma jihadin kansa ya tsaya kan hukuncin cewa sarakunan Hausa sun cuɗa Musulunci da al'adun da suka saɓa masa. Katsina ta faɗi a 1807, gidan sarautarta ya yo arewa, daga baya ya kafu a Maraɗi.

Da yaƙin ya kai Barno, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya aika wasiƙu yana cewa mutanen Barno suna salla, suna azumi, suna ba da zakka, kuma saɓo daban, kafirci daban. Muhammadu Bello ya amsa cewa sarakunan Barno sun taimaki masu yaƙar jama'ar Shehu. Bello ya adana wannan musayar a littafinsa Infaƙul Maisuri. Malamai ne manya a ɓangarorin biyu, kuma babu wani na sama da zai raba gardamar.

A yau

Wannan giɓi ne ya sa malamai kusan 200 daga ƙasashe 50 suka taru a Amman, babban birnin Jodan, a watan Yulin 2005. Sun amince da abu uku: mabiya mazhabobi takwas da suka lissafa duk Musulmi ne, bai halatta a kafirta su ba, kuma fatawa sai wanda ya cika sharuɗɗan ilimi.

Don haka in saƙo ya shigo WhatsApp yana kafirta maƙwabcinka, tambaya uku sun isa: wa ya yanke hukuncin, a gaban wane alƙali, kuma an ji ta bakin wanda ake zargi?