Wayar Eriyar GPS: Yadda Ake Zaɓenta a Gwandu da Kalgo

Idan ka lura da hasumiyar sadarwa a Gwandu ko Kalgo, za ka iya ganin wata 'yar farar eriya mai kama da ƙoƙo a kife. Aikinta karɓar lokaci daga taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ke nisan kilomita 20,200. A irin tsarin 5G, kuskuren agogon hasumiya bai kamata ya wuce mikrosakan 1.5 ba. In ya wuce, hasumiyoyi sai su riƙa yi wa juna katsalandan, sabis ya lalace.

To, ina ruwan waya? Siginar da ke isowa a kan megahaz 1575.42 mai rauni ce ƙwarai, kuma kowace mita ta waya tana cin wani abu daga ciki. Ana auna asarar da desibel, kuma desibel 3 yana nufin rabin ƙarfin ya tafi. A ce tsawon ya kai mita 30. Siririyar waya RG-58 za ta cinye wajen desibel 20, ita kuwa mai kauri LMR-400 kusan 5 kawai. Ka duba ƙarfin amfilifayar da ke cikin eriyar, ka cire asarar waya, sannan ka ga ko abin da ya rage ya ishi na'urar karɓa.

Na biyu, jinkiri. Sigina tana ɗaukar kusan nanosakan 5 a kowace mita ta RG-58, da kusan 4 a LMR-400. A mita 30, nanosakan 150 ke nan ko kusan 120. Ka auna tsawon wayar daidai, ka shigar da adadin a saitin na'urar, in ba haka ba agogonka zai zauna a baya kullum.

Na uku, yawancin na'urorin nan ohm 50 suke so, wayar dish ta kasuwa kuwa, RG-6, ohm 75 ce. Kada ka sa ta sai littafin na'urar ya yarda.

Sai yanayinmu na Kebbi. Zafin bazara yakan haura digiri 40, don haka nemi mai baƙar riga da rana ba ta fasawa. Kafin damina, ka naɗe kowace mahaɗa sosai, domin ruwa in ya shiga waya, asara ƙaruwa take yi. Ka sa makarin tsawa, amma wanda ke barin lantarki ya wuce, saboda ta cikin wayar nan ce eriyar ke samun wutarta.