Gansakuka da rana: yadda koren kan tabki ke kare kansa daga ƙarfin haske

Da damina ta ɗauke, duk wanda ya bi kwarin Badagishiri, ko ya kai dabbobi shan ruwa a tabkunan Illela da Malbaza, ya san wannan kore da ke lulluɓe ruwa. Manoman rani na Birnin Ƙonni ma sun san shi a magudanan da ke kawo ruwa daga madatsun Mozage da Zango. Gansakuka muke ce mata, mu ture ta da ƙwarya mu ɗebi ruwanmu. To, jama'a masu sauraro, da ƴan'uwa da ke bin mu daga Abijan ko Legas, wannan abin da muke rainawa yana da dabarar da masana suka daɗe suna bincike a kai.

Gansakuka ba ta da saiwa, ba ta da ganye, amma abincinta irin na gero ne: tana haɗa hasken rana da ruwa da iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, ta yi sukari, ta saki iskar oksijin. Shi ya sa da hantsi za ku ga kumfa ƙanana sun maƙale mata, har su taso da ita saman ruwa kamar tabarma.

Matsalar ita ce hasken ba ya zuwa da awo. Da asuba kaɗan ne, da azahar a watan Afrilu sai ya yi mata yawa, ranar da hazo ya rufe gari kuma ya ja baya. In hasken ya fi abin da take iya sarrafawa, ragowar ba ta zama haka nan. Takan haifar da wani sinadari mai ƙuna da ke lalata injin haɗa abincin da kansa. Kamar dai ka ɗura wa ƙaramar magudana ruwan kwari gaba ɗaya, gefenta zai ɓalle.

Ga abin da take yi. Da haske ya yi yawa, wani lungu a cikin ƙwayar jikinta sai ya yi tsami. Tsamin nan shi ne ƙararrawa. Cikin daƙiƙu zuwa ƴan mintoci, wasu sinadarai masu launin rawaya su canza kama, su karɓi ragowar hasken su watsar da shi a matsayin ɗumi. A 2009, masu bincike a jami'ar Kalifoniya ta Amurka sun nuna cewa a wata gansakuka mai ƙwaya ɗaya, wani furotin da anka raɗa wa suna LHCSR ne ke riƙe da wannan aiki. Wadda ba ta da shi, rana na wahal da ita. Duk da haka ɓarna na aukuwa, sai dai akwai gyara: sashen injin da ya fi lalacewa, cire shi take yi ta sa sabo, a kai a kai, yini guda.

In kuma kwanaki sunka yi ta tafiya cikin duhun ruwa mai laka, sai ta ƙara koren jikinta don ta kama ɗan hasken da ya samu. Wasu iri ma ƙaura suke yi: masu ƴar wutsiya su yi iyo zuwa inda ya dace da su, masu ƴan jakunkunan iska su taso ko su nutse. Akwai wadda ke rina kanta ja ta yi wa kanta rumfa. Ita ce ke ba tabkin nan mai gishiri na kusa da Dakar, a Senegal, launinsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne, shuke-shuken gona ma suna da irin wannan makulli, amma yana saurin rufewa, yana jinkirin buɗewa. Girgije ya gitta, shuka na nan tana zubar da hasken da ya kamata ta yi abinci da shi. A 2016, a jami'ar Ilinoi, an hanzarta buɗewar a jikin taba, girmanta ya ƙaru da kimanin kashi 15 cikin ɗari. Ana neman kai irin wannan ilimi ga wake, wanda mu nan Nijar ba sai an gaya mana darajarsa ba.

Mu dawo gida. Da dare gansakuka ba ta sakin oksijin, shaƙa take yi. Tabkin da ya yi kore shar, musamman inda takin zamani da kashin dabbobi ke gangarawa, iskarsa kan ƙare da asuba. Lokacin ne kifi ke tasowa yana haki, wani sa'in ya mutu. Ruwan da ya yi kamar an zuba masa koren fenti, ga wari, kada a shayar da dabbobi, kada yara su shiga, don wasu irin na da dafi, tafasawa ma ba ta kashe dafin. Tanki da jarka kuwa, a rufe su, a ajiye a inuwa. In haske bai shiga ba, gansakuka ba ta tsirowa a ciki.