Zanen Ƙwarya da Haruffan Runa

Wanda ya bi ta wajen masu ƙwarya a kasuwar Jimeta zai ga zane iri-iri a bayan ƙoƙo da ludayi: layuka masu lanƙwasa, kusurwa uku a jere, ɗige-ɗige. Da ƙarfe mai zafi ake ƙona yawancinsu, kuma a ƙasar Adamawa galibi aikin mata ne, Fulani da Bata da Yungur. Zanen yana da sunaye, amma sunan a bakin mai zanen yake, kuma siffa ɗaya tana iya sauya suna daga wannan ƙabila zuwa waccan.

Mutanen Ga'anda, can wajen Gombi, sun kai abin har jikin mutum. A da, tun yarinya tana ƙarama ake fara yi mata tsaga a ciki, ana ƙarawa mataki-mataki, sai an kammala za a ɗaura mata aure. Duk ɗan gari da ya kalle ta ya san inda maganar aurenta ta kai. Baƙo kuwa ado kawai yake gani.

Wannan bambanci tsakanin ɗan gari da baƙo ya kamata mai karatu ya riƙe idan aka zo batun runa, tsofaffin haruffan mutanen arewacin Turai. Tun wajen ƙarni na 2 miladiyya ake sassaƙa su a itace da dutse da ƙarfe, shi ya sa yawancin layukansu miƙaƙƙu ne. Da fari 24 ne, daga baya mutanen Sikandinabiya suka rage su zuwa 16. Kowane harafi da sunansa, na farko yana nufin shanu ko dukiya, abin da Bafulatanin Yola ba zai yi mamakinsa ba. Sai dai sunayen nan daga rubuce-rubucen da aka yi ɗaruruwan shekaru daga baya aka tsinto su.

An yi laya da runa, babu musu. Amma bayan gobarar 1955 a birnin Bergen na Norway, an haƙo ɗaruruwan ƙirare masu rubutun runa, da yawansu shaidar mai kaya ce da saƙon ciniki. Fassarar duba da runa wadda ake yaɗawa a intanet kuwa, akasarinta sabuwa ce. Littafin Ralph Blum na 1982 ne ya baza ta a Amurka, har ya ƙara wata ƙwayar duba marar rubutu wadda babu ita a jerin haruffan magabata.