Filin Ƙwallon Lambu Na Lakowe: Ƙasa Ita Ke Tsara Wasa

Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Tambuwal ko Kebbe zuwa Ikko, in ya bi hanyar Lekki ya nufi Epe, zai tarar da wata unguwa a yankin Ibeju-Lekki da ake kira Lakowe Lakes. Faɗinta kadada 308 ne, kuma kusa take da tekun Atlantika. Abin mamaki a nan shi ne, filin ƙwallon lambu, watau golf, shi ne cibiyar unguwar, gidaje kuwa su ne suka kewaye shi.

Asalin wannan wasa ma a bakin teku yake. A ƙasar Sikotilan aka raya shi, a kan jigawar da ba ta nomuwa, kuma a garin St Andrews ne aka tsayar da ramuka 18 a shekarar 1764. Burin ɗan wasa shi ne ya kai ƙwallo cikin kowane rami da bugu mafi ƙaranci, ga shi kuwa faɗin ramin bai wuce milimita 108 ba.

Wani gwani mai suna Robert O'Friel shi ya zana filin Lakowe, mai ramuka 18, wanda ake sa ran ƙwararre ya gama shi da bugu 72. Tafkunan da aka haƙa a cikinsa su ne tarkon ɗan wasa. Wanda ya yi gaggawa ya buga ta kan ruwa, in ƙarfinsa ya gaza, ƙwallonsa ta nutse, an ƙara masa bugu ɗaya na tara. Wanda ya zagaya kuwa ya tsira, amma hanya ta yi masa tsawo. Ga kuma iskar teku, wadda kan karkatar da ƙwallo tun tana sama. Saboda haka lissafi ya fi ƙarfin dantse amfani a nan.

To, mu a Arewa fa? Ruwan saman da Ikko ke samu a shekara ya ninka na Sakkwato fiye da sau biyu. Shi ya sa waɗanda suka kafa tsofaffin filayenmu, irin na Kano, ba su wahalar da kansu wajen rainon ciyawa a bakin rami ba. Yashi suka cuɗa da mai suka daddaɓe, ana share shi bayan kowane bugu, wasa kuma bai fasa tafiya ba.

Lalle wannan abin lura ne ga ma'aikatan tsara birane da ɗalibanmu. Duk mai son kwaikwayon Lakowe a ƙasar Tambuwal, sai ya fara tambayar kansa inda zai samo ruwan ban ciyawa a watan Afrilu, lokacin da mai lambu da makiyayi ke jira a bakin rijiya ɗaya. Kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi.