Masu gina gidaje da kwali a bakin layin dogo

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani aiki wanda ba ya ciyar da mai shi, sai ma ya ci masa kuɗi da lokaci, amma dubban magidanta sun ɗauke shi da muhimmanci. Mutum ne da furfurarsa, likita ko alƙali ko tsohon direba, zai keɓe ɗaki guda cikin gidansa, ya kafa teburi, ya shimfiɗa layin dogo wanda faɗinsa bai wuce na ɗan yatsa ba, ya ja masa wutar lantarki, ɗan ƙaramin jirgi ya riƙa zagayawa a kai. Mu nan Nijar jirgin ƙasa baƙo ne. Ƴan kasuwarmu a Kano ko Ƙauran Namoda ko Faraku suka san shi, layin da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 kuwa bai shiga jigila ba. Saboda haka mai karatu yana iya ɗaukar wannan abu wasan yara. To amma akwai wani ɓangare nasa da ya cancanci a tsaya a duba.

Jirgi ba ya tafiya cikin fili fetal. Yana bukatar tasha, da sito, da gada, da gidajen mutanen da yake ratsawa ta garinsu. Mai son ya huta sai ya je kanti ya sayi gida na roba a cikin kwali, irin waɗanda kamfanin Faller na Jamus ya shahara da su, ya manna ɓangarorin bisa ga takardar da aka haɗo masa. Aibin wannan hanya shi ne tashar da ya saya ita ce maƙwabcinsa ya saya, ita ce kuma ke kan teburin wani a wata ƙasa. Akwai waɗanda ba su yarda da haka ba. Su nasu ginin daga tushe suke fara shi, da farin kwali, da reza, da gam, da ma'aunin ƙarfe. Abin da suke fitarwa ya yi kama da maket ɗin da injiniyoyi ke ajewa a ofisoshin ma'aikatar gine-gine, sai dai maket yana nuna ginin da za a yi ne, su kuwa waɗannan ginin da ya riga ya tsufa suke kwaikwaya.

Kome na aikin yana rataye ga awo. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda ake kira HO, inda ake rage kowane abu sau 87. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo, wadda a zahiri milimita 1435 ce, sai ta koma milimita 16 da rabi. Ƙofa mai mita biyu ta koma milimita 23, namiji tsayayye ya koma santimita biyu. Ingilishi, da yake ba su cika bin sahun kowa ba, nasu sau 76 suke ragewa. A wannan ma'auni tubali guda tsawonsa bai cika milimita uku ba, kaurinsa kuwa bai kai milimita ɗaya ba. Wanda ya kuskure da kaurin farce ya ƙara wa bango kusan faɗin yatsu biyu, kuma ido yana gane haka nan take ko da mai idon bai san dalili ba.

Mutumin da ya kai wannan aiki matsayin da ake girmama shi a Ingila sunansa Roye England, ɗan ƙasar Ostareliya, wanda ya sauka Ingila cikin shekara ta 1925 yana saurayi. Ya zauna a karkarar da ke kusa da garin Swindon, cibiyar kamfanin jirgin ƙasa na yammacin ƙasar a wancan zamani. Ƙauyukan wurin gidajensu na farin dutse ne da katako da laka, rufinsu na ciyawa. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne yadda ya ga ana yaye ciyawar ana maye ta da rufin zamani, wasu gidajen ma ana rushe su ɗungurungum da sunan tsabta da ci-gaba. Ba shi da kuɗin sayensu, ba shi da ikon hana masu su. Sai ya ɗauki littafi da ma'auni da na'urar hoto ya shiga bin gidajen ɗaya bayan ɗaya, yana auna bango, yana ƙirga jerin tubali, yana rubuta launin kowane abu har da inda gansakuka ta kama. Gininsa na farko, wata tsohuwar mashaya ta ƙauyen Wanborough, ya fara shi cikin 1931, bai gama ba sai 1936. Shekara biyar ke nan a kan gidan da mutum zai ɗauka a tafin hannu biyu.

Ga yadda masu bin tafarkinsa suke yi. Da farko ana zana bangayen gidan duka a jere bisa farin kwali mai kyau, kamar yadda tela ke zana riga kafin ya sa almakashi. Sa'an nan a ɗauki wani tsinke marar kaifi a bi layin tubali ana dannawa, ba a yankewa, domin kowane tubali ya fito da kansa. Tagogi da ƙofofi ake fara hudawa tun kwalin yana da faɗinsa, don in an yanke bango tukuna, gefen taga yakan yage. Fenti ma tun kwalin yana kwance ake shafa shi, fentin ruwa, da buroshi mai bakin allura, tubali bayan tubali, wannan ja, wancan ya ɗan ƙone, na kusa da ƙasa ya sha damshi. Bayan haka ne ake naɗe kusurwoyi a tayar da gidan. Babban abokin gaba shi ne lanƙwasa: kwali in ya sha gam ko raɓa sai ya karkace, don haka ake ninka shi hawa biyu ko uku, a sa masa bangayen ciki da daɓe su riƙe shi. Sandunan taga da siraran takarda ake yin su. Rufin ciyawa kuwa, da farko gashin mutum aka yi amfani da shi, daga baya aka koma ga wani zare mai kama da na rama wanda masu gyaran famfo ke naɗawa a bakin bututu. Ana ɗaura shi ƙulli-ƙulli, a manna daga ƙasa zuwa sama yadda mai baibaya ke yi, a bi da almakashi a daidaita.

Saura da me? Saura tsufa. Ginin da ya fito fes kamar yau aka gama shi ƙarya yake yi, domin babu tashar jirgin gawayi da hayaƙi bai baƙanta ba. Wani Ba'amurke mai suna John Allen, mai ɗaukar hoto a garin Monterey na jihar Kalifoniya, shi ya yi suna wajen wannan. Rumfar kan jirgi da ya gina ta ci gasa cikin 1948, kuma abin da ya ja hankalin mutane shi ne tsatsa da ƙura da tantabaru a kan rufi, har da kashinsu. Allen ya rasu a farkon 1973, kwana goma bayan haka gobara ta cinye layin da ya shafe shekara da shekaru yana ginawa. Galibi hotuna ne suka rage.

A ganinmu nan ne aikin ya wuce wasa. Mai gini da kwali tilas ne ya kalli gida irin kallon da ko mai gidan bai taɓa yi masa ba: jeri nawa ne daga dokin ƙofa zuwa indararo, ina bango ya tsage, wane gyara aka yi masa da kayan da ba su dace ba. In ya ƙawata abin da ya gani, ya ɓata shaidarsa. Wanda ya san unguwar Birni a Damagaram, ya ga yadda siminti da kwano ke cin gidajen ƙasa masu zanko da zanen bango, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan abin da ya dami Roye England. Hoto yana riƙe fuska guda ta gida. Awo da zane su ke riƙe kaurin bango da zurfin zaure, su ne kuma magini zai nema in wata rana aka ce a mayar da abin yadda yake. Yaranmu da ke ƙera motoci da waya da gwangwani suna da hannun, ma'auni ne ba a ba su ba.

Cikin 1954 Roye England ya kafa gidan tarihi na Pendon a ƙauyen Long Wittenham, kudu da birnin Oxford, cikin wata tsohuwar mashaya. A can aka tara gidajen nasa da na waɗanda suka koya daga gare shi, aka jera su suka zama ƙauye guda na shekarun 1930, da gonakinsa da hanyoyinsa, jirgi yana wucewa daga gefe. Kowane gida a ciki yana da asalinsa a wani ƙauye na gaske, ko da yake an ɗebo su daga wurare dabam-dabam, kuma da yawa daga cikin na gasken an rushe su ko an sake musu kama. Ya rasu cikin 1995 aikin bai ƙare ba. Masu aikin sa-kai ne suka ci gaba da shi, suna buɗe littattafan awon da ya bari suna yanka kwali bisa ga lissafinsa.