Makafi Masu Tseren Jirgin Ruwa

'Yan'uwa manoma, sau da yawa a tarurrukan ƙungiyoyinmu na gama kai a Farin Dutse da ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu, akan tambaye mu: in mutum ya makance, me ya rage masa ban da sanda da ƙoƙon bara? Amsar da za mu bayar a wannan fitowa daga bakin teku ta fito.

Irin jirgin

Kwale-kwalen da muka sani da gora akan tura shi. Akwai kuwa wani irin jirgi da iska ke korawa. Akan kafa masa dogon itace a tsakiya, a ɗaura manyan ƙyallaye da ake kira filafilai. Matuƙi yana riƙe da sandar tuƙi a baya, wani kuma yana jan igiyar ƙyallen ko ya sassauta ta bisa ga yadda iska ta juya. Iska dai ba a ganinta, jinta akan yi. Makaho yakan ji ta a fuska da wuya, ya ji karkatar jirgin a jikinsa, ya kuma gane gudunsa daga ƙarar ruwa.

Yadda ake tseren

An yi gasar duniya ta farko ta makafi matuƙa a birnin Auckland na ƙasar Niyuzilan a 1992. Akan raba masu tsere kashi uku don kada a cuci kowa: B1, watau waɗanda ba su gani sam, B2, masu gani dishi-dishi, B3, masu ɗan sauran gani.

In jirage da yawa za su tashi tare, mutum huɗu ke cikin kowanne: makafi biyu, masu ido biyu. Makaho ne matuƙi, makaho ne kuma mai jan igiyar babban ƙyalle. Mai ido ɗaya yana kula da ƙaramin ƙyallen gaba. Ɗayan kuwa aikinsa magana kaɗai: ya faɗi inda sauran jirage su ke da nisan wurin juyawa. Doka ta hana shi taɓa sandar tuƙi sai in haɗari ya taso.

Akwai kuma tseren jirgi biyu wanda ba mai ido a ciki ko ɗaya. A tafkin Garda na ƙasar Italiya aka ƙago dabarar. Alamomin da ke yawo a kan ruwa kowace tana da irin kukanta, jirgin ma yana yin ƙara wadda ke sākewa in ya juya. Da kunne kaɗai su ke gane hanya da inda abokin karawa ya ke.

Ba tsere kaɗai ba. A 2019 wani mutumin Japan, Mitsuhiro Iwamoto, wanda ya makance yana ɗan shekara 16, ya tuƙa jirgi daga San Diego ta Amurka har Fukushima ta Japan, kusan wata biyu ba tsayawa, tare da abokinsa mai ido da ke gaya masa abin da ke gaba. Ya taɓa gwadawa a 2013, jirgin ya yi karo da wani ƙaton kifi ya nutse, aka cece su.

Abin da ya shafe mu

Mu lura da dokar nan: mai ido ya yi bayani, makaho ya yi aikin. Mu kuwa akasin haka mu ke yi. Mukan karɓe fartanya daga hannun ɗan'uwa, mu ce tausayi ne, sa'an nan mu cire yaro daga makaranta ya zama ɗan jagora. Gida ɗaya ya yi hasarar mutum biyu ke nan. Ga abin da kowace ƙungiya za ta iya yi:

1. A miƙa igiya tsakanin turaku biyu, a ƙuƙƙulla ta daidai tazarar shuka. Manomin da ya makance zai bi ta ya shuka gero ko gyaɗa a layi.

2. A ba shi aikin da hannu ke ganewa: ɓarar gyaɗa, tufkar igiya, saƙar tabarma, kiwon kaji. A biya shi kamar kowa, sunansa kuma ya tsaya a littafin ƙungiya.

3. A kai shi a duba idon. Yanar ido akan cire ta da aiki, kamar yadda ake yi a Asibitin Ido na ECWA a Kano. Ƙwayar Mectizan mai hana makantar da ƙudan rafi ke kawowa kyauta ce tun 1987. Kada kowa ya ƙi sha in an zo rabo.

4. Yaro makaho a nema masa makaranta. Ta Gindiri tana koyar da makafi tun 1953.

Kafin taro mai zuwa, muna roƙon kowane magatakarda ya rubuto mana yawan makafin ƙauyensu da sana'ar da kowannensu ya ke yi kafin idonsa ya rufe. Daga nan za mu fara.